Sai An Kwance An Ga Ciki: Aikina da Tsofaffin Na'urorin Gem

Sana'ata ita ce saye da gyara da sayar da tsofaffin na'urorin gem da kaset-kaset ɗinsu. Ƙaramin waje ne, ni da yara biyu masu koyon aiki, sai teburin gyara da ba ya rabo da kaya a kwance. Galibin abin da ke shigowa hannunmu ya girmi yaran nan nesa ba kusa ba: Atari 2600 ta 1977, Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, 'yar'uwarta NES da ta shiga Amurka a 1985, Mega Drive ta Sega ta 1988, Game Boy ta 1989, har zuwa PlayStation ta farko ta 1994 da Dreamcast ta 1998. Tuni masu ƙera su suka daina yin su, suka daina yin kayan gyaransu. Duk wadda ta mutu ta tafi ke nan, ba wata sabuwa da za ta fito daga masana'anta ta maye gurbinta, shi ya sa ba na wasa da ko ɗaya daga cikinsu in ta hau teburina.

Doka ɗaya na kafa wa kaina da yarana: ba abin da zai fita daga wajenmu sai mun kwance shi mun ga cikinsa. Mai kawo kaya yakan ce, "Malam, wallahi lafiyarta ƙalau, jiya ma na kunna ta." Ba na ƙaryata shi, ta yiwu ta kama ɗin. Amma na'urar da ta haura shekara talatin tana iya kamawa yau, alhali cutar da za ta kashe ta ta riga ta yi nisa a ciki.

Babbar cutar ita ce kafasito, wani ɗan ƙaramin abu mai ruwan sinadari a cikinsa da ke daidaita wuta a kan fanel, wato allon da sassan na'ura ke zaune a kai. In ya tsufa sai ya fara yoyo, ruwan ya bi fanel yana cin siraran hanyoyin jan ƙarfe da wuta ke bi. Game Gear, 'yar ta hannun nan mai kala da Sega ya fitar a 1990, ita ce ta fi shahara da wannan. Za ka ji murya ta yi ƙasa ko ta ɗauke gaba ɗaya, hoto ya dushe har sai ka karkata sikirin kafin ka ga wani abu, wani lokaci kana kunnawa ta mutu. Da zarar ƙarfen dalma ya taɓa wajen, wani ƙarni ke tashi, shi ke gaya maka ruwan ya zuba. Ba a canza ɗaya a bar saura, duka ake cirewa, a wanke fanel da sifirit, a duba hanyar da ta yanke a gada ta da siririyar waya. Xbox ta farko, ta 2001, ita ma tana da kafasito guda mai riƙe agogo wanda ke yoyo shiru. A yawancin samfuranta cire shi kawai ake yi, ta ci gaba da aiki. Samfurin ƙarshe ne kaɗai ba ya tashi sai an sa masa wani. Abin da ke damuna shi ne wannan ɓarna ba ta jiran a kunna na'ura. Wadda aka naɗe aka ɗora a saman kabad tana lalacewa daidai da wadda ake bugawa, bambancin kawai ita ta kabad ba mai lura.

NES kuwa ciwonta a baki yake. Kaset ɗinta yana da haƙora 72, ana tura shi ciki sannan a danna ƙasa, wannan dannawar kuma shekara da shekaru tana lanƙwasa ƙarafan da ke kama shi. Akwai wani guntun sassa a cikin na'urar mai suna 10NES da ke tantance kaset; in bai samu amsa daga takwaransa na cikin kaset ba, sai ya yi ta sake kunna na'urar, jar fitilar tana ƙiftawa. Nan ne mutane ke zaro kaset su hura masa iska. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya daina. Abin da ke sa wasan ya kama shi ne zarowa da mayarwa da aka yi, ita kuwa iskar baki danshi take ɗauke da shi, danshin ya zauna a kan haƙora ya haifar da tsatsa. Auduga da sifirit sun wadatar. Bakin na'urar ma na fi son in wanke na asalin in miƙar da ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya, don sababbin da ake ƙerawa yanzu da yawansu sun cika matsi, suna ƙwarzane kaset.

Aikin da na fi yi da taka-tsantsan bai fi girman maɓallin riga ba: batirin cikin kaset. Tun daga The Legend of Zelda da ya fito a kan NES a 1987, wasanni da yawa suna ajiye inda mai wasa ya tsaya a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke buƙatar wuta dare da rana. Batir ne ke ba ta wutar. Ranar da ya ƙare, duk abin da aka ajiye ya shafe. Wasu sun kai shekara ashirin ko fiye suna riƙe da wuta, amma Pokémon Gold da Silver na 1999 suna da agogo a ciki mai tafiya ko kaset yana aljihu, don haka nasu batirin ya riga na sauran ƙarewa. Matsalar ita ce, cire tsohon batir shi kansa yana goge ajiyar. Saboda haka kafin in taɓa, sai na tambayi mai kaya: "Akwai abin da kake so a ciki?" Wani ya ce babu, a canza kawai. Wani kuma sai ya yi shiru, ya ce tun yana firamare ya fara wasan nan, sunayen da ya raɗa wa 'yan wasansa suna nan yadda ya bar su. Irin wannan sai na fara kwafe ajiyar zuwa kwamfuta da wata 'yar na'ura da aka yi don haka, in liƙa sabon batir da dalma, in mayar masa da abinsa, in kunna a gabansa ya gani. Ba na yarda da manna batir da salatif kamar yadda wasu ke yi. Kaset ya faɗi sau ɗaya, batir ya motsa, shi ke nan.

Na'urori da yawa kuma ba tsufa ke kashe su ba, adafta ce. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka 120, a Turai da wurare da dama 220 zuwa 240, kuma ba kowace tsohuwar adafta ke ɗaukar duka ba. Ko bakin ya shiga daidai, ba shi ke nuna ta dace ba. Adaftar NES wutar AC take bayarwa, Famicom kuwa DC take so. A haɗa su, Famicom ta ƙone, duk da cewa kamfani ɗaya ya yi su. A karanta rubutun da ke ƙarƙashin na'ura kafin a jona. A kuma cire batura daga Game Boy da makamantanta in za a ajiye, don yoyon batir ya cinye ƙarafa da yawa.

Sauran cututtukan sanannu ne. Idon da ke karanta faifai a PlayStation ta farko yana gajiya, shi ya sa mutane da dama suka taɓa kifa tasu kafin faifai ya karantu. Sandar tsakiyar fad ɗin Nintendo 64, wato abin riƙewar da ake sarrafa wasa da shi, tana goguwa har robar ta zama gari a ciki, sanda ta yi laƙwas.

Maganar talabijin kuwa kullum sai mun yi ta da sababbin shiga. Mutum ya sayi na'ura lafiyayya, ya jona da talabijin ta zamani, ya dawo yana ƙorafi hoto ya yi birkice, tsalle yana makara. An tsara wasannin nan ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke zana hoto nan take. Ta zamani sai ta karɓa ta sarrafa ta faɗaɗa kafin ta nuna, wannan ɗan jinkirin kuma ya isa ya jefa ka rami. Bindigar Duck Hunt, wasan harbin agwagwa na NES, ma ba ta aiki a kan talabijin ta zamani sam: in ka ja kunama, sikirin yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin akwati ya bayyana a inda agwagwa take, bindigar ta hango hasken, in talabijin ta makara, lissafin ya rushe. Akwai na'urorin da ke shiga tsakani su gyara hoto su rage jinkiri, suna da amfani ƙwarai, amma wanda ya samu mai ƙeya lafiyayya ya riƙe ta. Kada dai ya buɗe bayanta da kansa, tana riƙe dubban bolt ko bayan an zare ta daga wuta. Haka nan a san bambancin samfurin Turai mai tsarin PAL da na Amurka da Japan mai NTSC: na farko yana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na biyu sau 60, don haka wasanni da yawa sun fi nauyin tafiya a samfurin Turai. Wanda ya buga Sonic na 1991 a kan duka biyun zai ji har kiɗan ya sauya.

Sai jabu. Ya cika kasuwa, musamman a wasannin da ake rububi, kuma masu yin sa sun ƙware a takarda da kwali. Shi ya sa ba na yanke hukunci da ganin fuska. Kaset-kaset ɗin Nintendo suna da wasu sukurori na musamman da sukurudireba na gida ba ya kwancewa, ina da nawa, ina buɗewa a gaban mai kaya. A na asali za ka ga sunan kamfanin a kan fanel da sassa masu lamba tsaf. A jabu sau da yawa wani baƙin ɗigo kawai za ka tarar an ɗiga a kan siririn fanel. Kaset ɗin Game Boy na asali kuma yana da lambobi da aka danna a jikin takardarsa, sai ka karkata shi ga haske kake gani. Ni ban raina mai buga jabu ba. Miliyoyin mutane a duniya da kwafin Famicom suka fara sanin gem, irin su Dendy da ta mamaye Rasha daga 1992, da kaset-kaset masu alƙawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Abin da ba na yafewa shi ne a sayar wa mutum kwafi da sunan na asali. In kwafi ne ina rubutawa a jikinsa, mai so ya ɗauka da saninsa.

Ana yawan tambayata in mayar da Super Nintendo da ta koma ruwan ɗorawa zuwa launinta na da. Ana yi, da wani sinadarin wanke launi da hasken rana, amma sau da yawa launin yana dawowa bayan wani lokaci, robar kuma ta riga ta bushe, tana iya tsagewa a hannu. Ina faɗa wa mutum gaskiyar haka, in ya nace in yi masa.

A watan Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 guda ɗaya, a kwalinsa da ledarsa ba a taɓa buɗewa ba, a kan dala miliyan 1.56. Wasan nan an sayar da fiye da kwafi miliyan 11 a zamaninsa, ke nan ledar aka saya. Tun daga lokacin duk wanda ya tsinci kaset a kayan gidansu sai ya zo da tunanin ya tsinci dukiya, sai na zaunar da shi na yi masa bayani a hankali. Ina girmama masu tara kaya da kwali da littafin bayani, suna adana tarihi, wasunsu ma sun fi ni sanin kowane bugu da shekararsa. Amma zuciyata tana wajen wanda ya saya don ya buga. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin ta kowace hanya a hukumance. In babu masu kunna tsofaffin na'urori, da masu kwafe wasannin su adana, da masu buga su a kwamfuta ta manhajar kwaikwayo, da yawansu suna kawai za a riƙa ji. Ga kuma abin da nake gani da idona: uba ya zo da ɗansa, na miƙa musu fad biyu su gwada, yaron da ya saba da wasannin waya ya mutu a matakin farko ya ce, "Baba, wannan ai da wuya!" Uban ya karɓa, hannunsa ya tuna abin da shi kansa ya zaci ya manta. Wasannin nan ba su da dogon bayani, rai uku ne, in sun ƙare ka koma farko, kuma a gefen juna ake zama a buga su.

Kafin na'ura ta bar wajenmu muna barin ta a kunne na tsawon sa'o'i, don wata matsalar sai fanel ya yi zafi take fitowa. Muna rubuta duk abin da muka canza, mu ƙulle tsofaffin sassan a leda mu ba mai ita. Matattun da ba su gyaruwa ma saye nake yi, domin daga jikinsu ake samun abin ceto wasu. Yanzu haka PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 aka sayar da fiye da miliyan 150, ta fara shigowa a matsayin tsohon kaya, kuma na'urori masu faifai sun fi masu kaset saurin gajiya saboda ido da injin juya faifai da robobin da ke juyawa. Don haka na ware wa yaran shiryayye guda na matattunta, suna koyon zare ido da daidaita shi a kansu kafin in bar su su taɓa ta kwastoma.