Yau Na Ɗaga Hannu, Aka Tsaya

Talata, bayan isha'i.

Yanzun nan na ɗebi ruwan randa, ruwan hunturu mai sanyi kamar ƙanƙara, na kurɓa na bar shi ya zauna ta gefen hagu na bakina. Ɗan motsi kaɗan na ji, wanda likitar haƙori ta riga ta ce zai iya ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya lafa. Rabona da yin haka wata huɗu ke nan. Alhamdulillahi. Na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta yadda ranar ta tafi tun abin yana sabo a raina.

Jiya ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku, kuma haƙorin shiru yake, tsoro ne ya hana ni barci. Mataunin nan na ƙasa tun ƙarshen damina ya fara yi mini gargaɗi. In na kurkure baki wajen alwalar asuba sai ya soke ni har cikin kunne, in na sha shayi mai zaƙi haka, sai kuma ya saki. Na yi ta lallaɓa shi da kanumfari da ruwan ɗumi da gishiri, na mayar da tauna gefe guda. Makon jiya ina cin aya sai na ji ƙas, na tofo ɗan ɓalli fari a tafin hannuna. Ko a nan ɗin ma da na ci gaba da jan ƙafa, ba don abin da ya sami maƙwabciyarmu ba. Ita wani ne ya ba ta shawarar ta ɗiga ruwan batir a ramin haƙorinta, dasashinta ya ƙone, daga baya kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa har haɗiyar yawu ta gagare ta, aka kwashe ta cikin dare. Ta samu sauƙi, amma ganin fuskarta ya sa na kira ƙanwata na ce ta zo ta raka ni, in ma na ce na fasa kada ta saurare ni.

Cikin daren ina ta latse-latsen waya na ci karo da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, wanda ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da ciwon baki da haƙori. Na karanta, na yarda ba ni kaɗai ba ce, amma gabana bai daina faɗuwa ba, domin nawa tsoron yana da mafari.

Ina 'yar shekara tara aka kai ni hutu ƙauyen kakata. Haƙori ya dame ni, ranar kasuwa Kawu ya ja ni wurin wani mai cire haƙori da ya shimfiɗa buhu a gindin bedi. Har yau ina ganin farantin da ke gabansa, cike da haƙoran mutane, wasu da baƙin jini a saiwarsu, ga filaya a cikin gwangwani. Kawu ya matse kaina a ƙirjinsa, wani ya danne ƙafafuna. Na yi ihu har muryata ta dushe, ba wanda ya saurara. Da ya gama ya nuna wa jama'a wani farin abu a kan auduga ya ce ga tsutsar ta fito. Ban riƙe Kawu a rai ba, Allah ya jiƙansa, iya abin da ya sani ke nan, kuma neman sauƙi yake yi mini. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shekara kusan talatin, na haihu huɗu, an sa mini ruwa, an ɗebi jinina ba adadi, duk ban damu ba. A ce in buɗe baki wani ya sa ƙarfe, wannan ne ba na iyawa.

Ƙanwata ta iso bakwai da rabi, da ƙosai mai zafi a leda. Na ce cikina a cushe yake, ta ce wallahi Yaya ba inda za mu sai kin sha koko. Na sha rabin kofi. Muka fito, hazo ya lulluɓe gari, ko hasumiyar Gobarau da muke hangowa daga bakin lungunmu sai inuwarta. Muka tari napep. Duk sanyin nan tafin hannuna jiƙe yake da gumi.

Muka yanki kati, muka zauna a benci. Abu biyu suka tarbe ni. Na farko ƙarar injin daga ciki, siririya mai shiga ƙwaƙwalwa, tsigar jikina ta tashi. Na biyu ƙamshi, kuma abin mamaki ƙamshin da na sani ne, na kanumfari, irin na kicin ɗin Inna in tana haɗa kayan yaji. Sau biyu ina miƙewa da niyyar fita, ƙanwata tana riƙe gefen hijabina.

Da aka kira ni, idona na kan doguwar kujerar nan mai fitila a sama. Likitar, matashiya ce, ba za ta kai ni shekaru ba, ta dube ni sau ɗaya ta jawo kujerar roba kusa da teburinta.

"Malama, zauna nan tukuna. Waccan ba inda za ta je. Kin karya?"

Na ce na sha koko. Ta ce madalla, domin mai tsoro in ya zo da yunwa shi ne ke yawan jin jiri har ya suma. Ta tambayi barcina, ta tambayi ko ina da ciwon suga ko hawan jini, ko ina da ciki, ko akwai maganin da jikina ba ya so. Ta tambayi shayi kofi nawa nake sha a yini. Sista ta auna jinina, ya ɗan hau, likita ta ce a bar shi, za a sake gwadawa in mun gama hira. Sai da aka yi wannan duka sannan ta zo kan haƙorin: yana tashe ki daga barci? In kin sha ruwan sanyi, zafin yana daɗewa ko nan take yake wucewa? Na ce nan take yake wucewa. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan alama ce mai kyau.

Sannan ta ce, "Me ya fi ba ki tsoro a ɗakin nan? Allura ce, ko ƙara, ko wani abu daban?"

Na buɗe baki zan ce allura, sai na ji labarin gindin bedi yana fitowa. Ko maigidana ban taɓa ba shi labarin nan filla-filla ba. Ta saurara har na kai aya, ba ta katse ni ba, ba ta ce mini ai ke babba ce ba. Ina faɗa ina ganewa da kaina cewa zafin ranar na daɗe da manta girmansa. Abin da ya zauna mini shi ne danniyar, ina ihu ana ci gaba.

Ta ce, "To mu yi alƙawari. Hannunki na hagu shi ne birki. Duk lokacin da kika ɗaga shi zan tsaya, ko ina tsakiyar aiki ne. Ba sai kin ba ni dalili ba."

Wani abin da nake jin kunyarsa tun daga gida shi ne faɗa. Na ɗauka za a ce me ya sa kika bari ya kai haka, ga ki malamar makaranta. Ba ta ce ba. Aka ɗauki hoton haƙorin, ta juyo da shi ta nuna mini da bakin biro. Ga ɓawon waje, ta ce duk jikin ɗan Adam ba abin da ya kai shi tauri. Ga na ƙarƙashinsa mai ɗan laushi, ga kuma ɗan ɗakin da jijiya take a tsakiya. Baƙin wurin ya ci biyun farko, ya matso kusa da jijiya amma bai shiga ba, don haka ciko za a yi, ba cirewa ba. Na yi ajiyar zuciya har sista ta waigo. Na tambaye ta maganar tsutsa. Ta ce babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin zaƙin da ya saura a baki, suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da ɓawon a hankali. Na tambayi ƙamshin kanumfarin ma, ta ce akwai wani mai a cikinsa, yujinol, da su ma suke amfani da shi a ciko na wucin gadi saboda yana kwantar da jijiya. Ashe maganin Inna yana da tushe, sai dai yana rufe bakin ciwon ne, ramin kuwa yana nan yana ƙara zurfi.

Da aka sake auna jinin ya sauka. Na hau kujerar da ƙafata. Ta ɗauko kayan ɗaya bayan ɗaya ta sa mini a hannu: ɗan madubi mai mariƙi, robar da ke zuƙe yawu, ta ɗora ta a bayan hannuna na ji yadda take ja. Injin ma ta kunna shi a gabana, na ga yana fesa ruwa don kada haƙori ya yi zafi. Ta koya mini numfashi, in ja ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake a hankali ina ƙirga shida, ta ce tsawaita fitar numfashi yana rage gudun zuciya. Ni sai na mayar da ƙirgar tasbihi a gaɓoɓin yatsun damana. Ƙanwata ta sa mini abin sauraro a kunne ɗaya da karatun Suratu Maryam, ɗaya kunnen aka bar shi don in ji likita. Ita kuma ta zauna ta wajen ƙafafuna, ta tambaye ni ko ta dafa ni. Na ce ta dafa, amma kada ta riƙe.

Kafin allura an shafa wani abu a dasashin da auduga, wurin ya yi nauyi. Likita ta gargaɗe ni cewa a cikin maganin kashe zafin, lidokain, akwai ɗan adirenalin, wataƙila in ji ƙirjina ya buga na ɗan lokaci, kada in ɗauka wani abu ne ya same ni. Na ji tsinin, na ji ruwan yana shiga a hankali, kuma ƙirjin ya buga kamar yadda ta faɗa. Da ba ta faɗa ba, da na ce mutuwa ce ta zo. Bayan 'yan mintuna rabin leɓena na ƙasa da gefen harshena suka zama kamar na aro. Ta taɓa wurin ta tambaya, na ce ban ji ba.

Aka fara. Zafi babu, sai girgiza da ke bi ta muƙamuƙi har cikin kai. Ina numfashi, ina tasbihi. Can sai ruwa ya taru a maƙogwarona, fitila a idona, fuskoki biyu a kaina, kawai na ji ƙamshin ƙasar kasuwar nan da zufar rigar Kawu. Jikina ya sandare. Na ɗaga hannu.

Ƙarar ta ɗauke nan take. Ba ta ce bari in ƙarasa nan wurin ba, ba ta ce saura kaɗan ba. Ta cire hannunta daga bakina, ta ture fitilar gefe, ta ɗago kujerar. Na kurkure baki, hawaye suna zuba ta gefen idona, ba na ciwo ba. Ta ba ni auduga ta yi shiru. Ina jin mun kai minti biyu a haka, a waje kuwa benci cike yake da masu jira. Sai ni da bakina na ce, "Likita, mu ci gaba." Daga nan har aka gama ban ƙara ɗagawa ba, ko da yake hannun yana nan a kan cinyata, a shirye.

Ta cike ramin da farin ciko, ta haska masa wata shuɗiyar fitila ya daskare, ta sa na ciji 'yar takarda ta goge inda ya yi tudu. Ta ba ni madubi, na rasa ma inda ramin yake.

Sauran maganar a kujerar roba muka yi ta. Ta ce yawan kurɓar shayi mai sukari daga safe zuwa yamma ya fi shan kofi guda a zama ɗaya illa, domin kowace kurɓa tana sabunta tsamin kafin yawu ya gama wanke na baya. Aswakina ta ce in riƙe shi, ni ma na ce ba abin bari ba ne tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace salla. Sai dai in haɗa da burushi da makilin mai fulorayid safe da dare, in tofar kawai kada in bi da ruwa. Ta kuma lura saman haƙorana ya ɗan side, ta tambayi ko ina cin haƙora cikin barci. Maigida ya sha faɗa mini. Ta ce sau da yawa damuwa ce ke kawo shi, in duba abin da nake kwana da shi a rai. Wannan maganar ta bi ni har gida.

Leɓen bai saki ba sai bayan azahar, na kiyaye ban ci komai ba don kada in ciji kumatu ban sani ba. Da yara suka dawo daga Islamiyya, Auta ta tsaya daga bakin ƙofa tana leƙen fuskata, ta ce, "Umma, sun yi miki allurar?" Yadda ta faɗi kalmar ya sosa mini rai, domin daga bakina ta koye ta. Sau nawa na ce mata in ba ta yi shiru ba zan kira likita ya yi mata allura? Kusan duk gidajenmu haka muke yi, muna mayar da mai magani dodo don mu samu shirun minti biyar, kuma ban ga ranar da hakan ya amfani yaro ba. Na jawo ta na buɗe baki na nuna mata cikon. Na ce an yi, na ji tsini kaɗan, kuma da na ɗaga hannu likita ta tsaya. Ta ɗaga nata hannun tana gwadawa.

Akwai wani baƙin ɗigo a haƙorinta na baya da na daɗe ina kau da kai daga gare shi, ina ce wa kaina ai na nono ne, zai faɗi. An ba ni ranar komawa wankin haƙori nan da mako biyu, na roƙi likita in zo da ita, ta ce in kawo ta ko don ta hau kujerar a ƙirga mata haƙora. Katin yana cikin jakata. Gobe in sha Allahu da ruwan randa zan yi alwalar asuba, ba sai na ɗora tukunya ba.