Uwar Rakun da Aka Raba da 'Ya'yanta a Rufin Gidanmu

Mutumin da aka kira ya toshe ramin da ke rufin gidan da muke haya a jihar Ohayo ta Amurka bai leƙa cikin silin ba, kuma har yanzu wannan sakaci nasa yana ci mini rai. A watan Afrilu ne, lokacin haihuwar rakun, dabbar nan mai baƙi kewaye da idanu da jela mai zobe-zobe, wadda ke yawon dare tana tonon shara. Duk mai wannan sana'a ya san cewa rakun ɗin da ta tare a rufi a wannan lokaci, galibi uwa ce mai jego. Amma ya jira ta fita neman abinci, ya buga ƙarfe a bakin ramin, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ranar ba mu runtsa ba. Uwar ta kwana tana ɓamɓarar rufin da farcenta, daga ciki kuma 'ya'yan suna ta kuka irin na 'yan tsaki. Da gari ya waye na kira wata mata mai lasisin kula da namun daji, domin a jihohi da yawa doka ta hana mutum ajiye rakun, saboda tana iya ɗauke da cutar haukan kare. Muka ciro guda huɗu, idanunsu a rufe, alamar ba su kai mako uku ba.

Matar ta hana ni ba su madarar shanu ko ruwa, ta ce madarar tana sa su gudawa, ruwan kuma suna iya shaƙarsa zuwa huhu. Na sa safar hannu, muka kwantar da su a kwali tare da kwalbar ruwan ɗumi naɗe cikin tsumma, muka ajiye a gindin bishiyar da uwar ke bi ta hau rufin. Na damu ƙwarai ko za ta ƙi su tunda an taɓa su, amma da duhu ya yi sai ga ta. Ta ɗauki ɗaya da baki a ƙeya ta ɓace, ta daɗe, ta dawo ta ɗauki na biyu, haka har wajen asuba ta kwashe na ƙarshe.

Ita kaɗai ke wannan wahala, namiji ba ruwansa da reno. Tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63, tana shayarwa har kusan mako 16, 'ya'yan kuma suna bin ta har kaka suna koyon neman abinci. Ta kan tanadi wani makwancin a kusa don irin wannan rana, kuma a nan ne haushin mutumin nan ya ƙara kama ni: da ya kunna fitila da rediyo a silin na 'yan kwanaki, da ita da kanta za ta kwashe su ba tare da ɓarna ba.

Mai gida ya biya gyaran rufi bayan kuɗin toshewar. Kashinta da muka tarar a silin kuwa sai da takunkumi da tafasasshen ruwa aka share shi, domin yana iya ƙunsar ƙwayayen wata tsutsar ciki mai illa ga ƙwaƙwalwar mutum, waɗanda magungunan wanki ba sa kashewa sai zafi.