Talata: na raka Kawu wajen likitan zuciya

Da hantsi Kawu ya iso daga Tudun Wada da sakamakon hoton da aka yi masa makon jiya, ya ce in raka shi asibiti. Muna cikin Keke Napep ya dafa ni: "Kai da kake karatun likita, gaya mini gaskiya, tsaga ni za su yi?"

Ciwon ya daɗe. In ya yi sauri zuwa masallaci ko ya hau bene sai ƙirji ya danne shi, in ya tsaya ya huta sai ya sake shi. A gida kowa ya yanke olsa ce, aka hana shi yaji. ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, bai nuna komai ba, da ma yakan yi haka in an auna mutum a huce. Shi ne likita ya tura shi hoton CT na jijiyoyin zuciya. An fara duba ƙodarsa saboda ruwan allurar da ke haska jijiya, aka ba shi ƙwayar da ta saukar da bugun zuciya zuwa wajen 60 a minti, ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Kuɗin dai sai da 'ya'yansa suka yi karo-karo.

Da muka isa asibiti, likitan ya juyo masa da kwamfuta. "Baba, ga kitse nan ya kwanta a bangon jijiya. Hanya ta tsuke amma ba ta toshe ba, yanzu babu batun aiki." Ya rubuta statin (maganin rage kitsen jini), asfirin, da ƙwayar ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso.

Nan na tuna binciken SCOT-HEART da aka yi a Sikotland kan amfanin irin wannan hoton ga masu ciwon ƙirji, mai mutum 4,146. Sakamakon 2018 ya nuna cikin shekara biyar kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton ne jijiya ta toshe musu ko ciwon ya kashe su, sauran kuwa kashi 3.9. Kuma ba aiki aka fi yi musu ba, maganin rigakafi aka fi ɗora su a kai. A ganina amfanin hoton ke nan. Kawu mutum ne da ke ajiye maganin hawan jini da zarar ya ji dama-dama, amma yau da ya gani da idonsa, shi ya ce mu tsaya kemis a unguwar PZ.

Gishiri ya yarda a rage, tattaki ma ya yarda. Man shanu a tuwo ne har muka rabu ba mu daidaita ba.