Abin da na koya daga nazarin ƙwayoyin gadon kansar kai da wuya a Asiya

Aikin da malamina ya ɗora mini a karatun digiri na biyu shi ne in tattara binciken da aka yi kan jirkicewar ƙwayoyin gado a kansar kai da wuya, in jera sakamakon mutanen Asiya gefe guda, na Turawa gefe guda. Kansar kai da wuya suna ne da ya haɗa ciwace-ciwace masu yawa: na harshe, da dasashi, da cikin kumatu, da maƙogwaro, da maƙoshi, da kuma na bayan hanci. Mafi yawansu daga tantanin da ya lulluɓe cikin baki da maƙogwaro suke tasowa, kuma a ƙarƙashin madubin likita kamanninsu ɗaya. Sai an karanta DNA ɗinsu ake ganin ba hanya ɗaya suka biyo ba.

Ma'aunin da kowa ke komawa gare shi shi ne babban binciken Amurka mai suna TCGA, wanda a 2015 ya fitar da sakamakon ƙari 279. A cikin waɗanda ba su da alaƙa da HPV, bairos ɗin nan da ke jawo kansar bakin mahaifa, sama da kashi 80 cikin ɗari suna da lalacewa a TP53, ƙwayar gadon da ke dakatar da tantani idan DNA ɗinsa ya samu rauni, ko ta sa shi ya mutu. A masu HPV kuwa da wuya a ga TP53 ta jirkice, domin bairos ɗin yana da furotin mai suna E6 da ke rusa abin da TP53 ta samar, don haka ciwon ba ya buƙatar taɓa ta. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai galibin majinyatan farar fata ne, masu tarihin sigari da giya, kuma wannan shi ne darasi na farko da ya zauna mini: kafin ka karanta alƙaluman jadawali, duba bakin wa aka yanko tsokar.

A Indiya da Taiwan da Siri Lanka bakin da ake magana a kai daban ne. Can ana tauna ƙwallon areka a naɗe cikin ganyen betel da ɗan farar ƙasa, ana miƙa wa baƙo kamar yadda muke miƙa goro, ko da yake itatuwan biyu ba su haɗa dangi ba. A Indiya sau da yawa ana haɗawa da taba, ko a sayi gutka, wato haɗin areka da taba da aka sarrafa, a 'yan ƙananan ledoji. A Taiwan kuwa yawanci ba a sa taba a ciki. Kimanin mutum miliyan 600 ke taunawa a duniya, kuma hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta tabbatar a rahotonta na 2004 cewa ƙwallon areka shi kaɗai ma yana jawo kansa. Mai tauna yana ajiye curin a lungun da ke tsakanin dasashi da kumatu na tsawon sa'o'i, kuma a daidai nan ciwon ke fitowa, wurin da ba kasafai yake fitowa ga Bature ba.

Tun 1991 masu bincike a Bombay (Mumbai ta yau) suka ba da rahoton jirkicewar ƙwayar gado mai suna HRAS a kashi 35 cikin ɗari na kansar bakin masu tauna taba, alhali a Turai da Amurka abin bai kai ko kusa ba. A 2013 cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta Kalyani tare da asibitin Tata na Mumbai suka karanta DNA ɗin majinyata 50 masu kansar dasashi da kumatu. Sun samu jirkicewa a ƙwayoyin TP53 da FAT1 da NOTCH1 kamar kowa, amma CASP8 ta fito da yawa, sannan ga wasu irin su USP9X da ARID2 da ba a saba jin sunansu a wannan ciwo ba. CASP8 na cikin masu kunna mutuwar tantani, HRAS kuma na cikin masu ba shi umarnin ya hayayyafa. Idan ta farko ta mutu, ta biyu ta maƙale a kunne, ciwo na iya tashi ko da TP53 lafiyarta ƙalau.

Inda na fi daɗewa shi ne kan NOTCH1. A 2011 bincike biyu na Amurka suka gano tana jirkicewa a kashi 10 zuwa 15 na majinyata, akasari ta hanyar da ke kashe aikinta. A 2014 wani bincike kan 'yan Sin 51 ya samu kashi 43. Mai gaggawa zai rubuta cewa mutanen Asiya sun ninka Turawa sau uku, ya wuce. To amma a shekarar nan dai wani binciken a Japan ya samu ƙasa da kashi 10. Wanne ne Asiya a ciki? Malamina ya kan ce, duk sanda ka ga adadi ya yi tsalle haka, tambayoyi uku ne: mutum nawa, wane sashen baki, kuma sau nawa na'ura ta maimaita karanta kowane gurbi. Na'urar da ta karanta gurbi sau dubu za ta tsinto jirkicewar da ke cikin 'yan tsirarun tantani, wadda mai karantawa sau hamsin ba za ta gani ba. Tsokar da aka adana a ruwan fomalin ma tana iya nuna sauyin da ba na ciwon ba ne, na ruwan ne. A ganina kalmar "Asiya" a saman jadawali ta fi ɓoyewa fiye da bayyanawa, tunda ta cusa mai tauna gutka na jihar Uttar Pradesh a Indiya da mai shan giyar shinkafa na Osaka a Japan a layi ɗaya.

Akwai dai inda gado na gaskiya ya shigo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sin da Japan da Koriya an haife su da wani nau'i na ƙwayar ALDH2 mai rauni. Idan suka sha giya, jiki ya mayar da ita asetaldehaid, sai ya kasa kawar da shi, fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa. Sinadarin nan yana manne wa DNA ya lalata shi, shi ya sa mai wannan gado idan ya dage da sha haɗarinsa na kansar maƙogwaro da bututun abinci ya fi na wani nesa ba kusa ba. Wannan ba jirkicewa ba ce ta cikin ƙari, tana cikin kowane tantanin jikinsa tun haihuwa, kuma ɗalibai da yawa suna cakuɗa biyun a jarrabawa.

Kansar bayan hanci kuwa labarinta daban. A yawancin duniya ba ta kai mutum ɗaya cikin 100,000 a shekara ba, amma a lardin Guwandon na kudancin Sin da Hong Kong ta ninka haka sau da yawa a tsakanin maza. Kusan duk ƙarin da ake samu a can yana ɗauke da bairos ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 a cikin samfurin wata kansar yara da aka aiko daga Yuganda, kuma an daɗe da ɗora wani kaso na laifin kan busasshen kifi mai gishiri da ake ba yara tun daga yaye. TP53 ba ta cika jirkicewa a nan ba. Abin da ake gani shi ne lalacewar CYLD da TRAF3 da NFKBIA, waɗanda aikinsu shi ne kashe wata hanyar saƙo da ke hana tantani mutuwa. Idan ba su lalace ba, furotin ɗin bairos mai suna LMP1 ya kan kunna hanyar da kansa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba jerin jirkicewar ne ya fi amfanar majinyaci ba zuwa yanzu. Maganin tipifarnib ya rage ƙari a majinyata 11 cikin 20 masu jirkitacciyar HRAS a gwajin da aka buga a 2021, adadi kaɗan, kuma magani ne da talakan jihar Bihar ta Indiya ba zai gan shi nan kusa ba. A Hong Kong kuwa gwajin jini aka yi wa maza 20,174 'yan shekara 40 zuwa 62 waɗanda ba su da wata alama, ana neman ɓurɓushin DNA ɗin bairos ɗin Epstein-Barr don gano kansar bayan hanci da wuri. Mutum 309 suka nuna sau biyu a jere, aka leƙa hancinsu da na'ura aka kuma ɗauki hoto, 34 aka samu da kansa. Kashi 71 cikinsu suna mataki na ɗaya ko na biyu, alhali a da kashi 20 kacal ake kamawa a wannan mataki. Sakamakon ya fito a 2017.

A babin ƙarshe na aikin na so in ƙara layin Afirka a jadawalin. Sudan na da tumbak, garin taba da ake kwaɓawa da kanwa a danna a leɓe, mai ɗauke da sinadaran jawo kansa fiye da galibin tabar baki ta duniya, kuma kansar bayan hanci tana da yawa a Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Amma binciken da ya karanta DNA ɗin irin waɗannan majinyata gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Indiya ko Sin. Malamina ya ce in bar layin a jadawalin, in rubuta adadin majinyatan kowane bincike a gefensa da manyan baƙaƙe.