Gudun da na saita a hunturu, bazara ta warware shi

Ina da ɗan shago a Samaru ta Zariya, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, inda nake haɗa bidiyon biki da na suna da na walimar kammala karatu. Kwamfutar da nake aiki da ita ni na haɗa ta da hannuna: firosesa Ryzen 5 3600, wanda kamfanin AMD ya fitar a 2019, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, irin na DDR4, sanda biyu, kowace gigabait 8. A jikin kwalin RAM ɗin an rubuta gudunsa, 3200, an kuma jera lambobi huɗu, 16-18-18-38, da bolt 1.35.

Na yi wata da watanni ina aiki da ita ban san cewa RAM ɗin ba a kan gudun da ke jikin kwali yake tafiya ba. Ranar da na buɗe manhajar CPU-Z na ga 2133 yake yi, sai da raina ya sosu, don na ɗauka an cuce ni ne. Ashe ba wanda ya cuce ni. Haka DDR4 yake tashi idan an sa shi sabo, a kan gudun da ƙungiyar JEDEC ta ƙayyade da bolt 1.2, domin ya yi aiki a kan kowane modabod, wato babban faifan da ake dasa sassan kwamfuta a kai, ba gardama. Gudun da ke jikin kwali yana ajiye ne a cikin wani tsari da ake kira XMP, sai mutum ya shiga BIOS, wato shafin saitin modabod, ya kunna shi da kansa. Na kunna, na kuma mayar da sandunan rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin modabod ɗin ya ce. A ranar na ga bambanci da idona: bidiyon da nake ja a kan layin aiki ya daina sarƙewa.

Da a nan na tsaya, da babu wannan labari.

A watan Disamba na 2023 aiki ya ɗan lafa mini na wasu kwanaki, sanyi ya sauko, ƙura ta rufe gari har ba a hango tsaunin Kufena da safe. Sai na zauna na fara bin abin a tsanake. Na gane cewa a irin wannan firosesa akwai wata hanya da ke haɗa sassansa da RAM, Infinity Fabric, kuma aiki ya fi tafiya daidai idan gudunta ya zo ɗaya da na RAM. RAM mai 3600 ainihin bugunsa 1800 ne, domin yana aika saƙo sau biyu a kowane bugu, don haka ita ma hanyar sai a sa ta a 1800. Yawancin masu irin wannan firosesa a nan suke tsayawa, ni ma nan na nufa.

Lambobi huɗun nan na jikin kwali, waɗanda ake kira CL da tRCD da tRP da tRAS bi da bi, su ne suka fi jan hankalina. Kowace lamba lokacin jira ce, ana ƙirga ta da bugun agogon RAM. Bayanai a cikin RAM a jere suke, layi-layi, kamar rumfunan kasuwar Sabon Gari. tRCD shi ne jiran da ake yi bayan an buɗe layi kafin a nemi rumfa a cikinsa. CL shi ne jiran da ke tsakanin neman kaya da miƙo shi. tRP lokacin rufe layi ne kafin a buɗe wani, tRAS kuwa mafi ƙarancin lokacin da layi zai zauna a buɗe. Wani lissafi ne ya buɗe mini ido: a ninka CL sau 2000, a raba da gudun RAM, sai a samu jiran a ma'aunin nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. 3200 da CL16 ya ba da 10. 3600 da CL18 ma 10 ya ba da. Wato mai sayen 3600 CL18 bai rage jiran farko da komai ba, faɗin hanya kawai ya ƙara. Amma 3600 da CL16 ya sauko kusan 8.9. Wannan nake so.

Na duba da manhajar Thaiphoon Burner na ga ƙwayoyin da ke cikin sandunana na Hynix ne, irin da ake kira CJR. Sanin wannan yana da amfani ƙwarai, domin sunan da ke jikin kwali ba shi ne ke faɗa maka halin RAM ba, ƙwayar ciki ce. Samsung B-die, alal misali, an san shi da karɓar ƙarin wuta yana matse lambobi sosai. Akwai kuma ƙwayoyin da ƙarin wuta ba ya ƙara musu komai sai rikicewa. Lambobin da suka zauna wa wani ba lallai su zauna maka ba, ko da kwalinku iri ɗaya ne.

Dare biyar na yi a kai. Na sa 3600, na bar CL a 16, na saki tRCD da tRP zuwa 19, na ɗaga wutar RAM zuwa bolt 1.42. Sau uku kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Karon farko gabana ya faɗi. Sai na kashe ta daga bango, na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na jira 'yan mintoci na mayar, BIOS ya koma yadda ya zo daga kamfani. Daga ranar na sayi littafi mai shafi 40 ina rubuta kowace lamba kafin in taɓa ta. Daga ƙarshe na shiga ƙananan lambobi, na matse tRFC, lokacin da ake ba RAM ya sabunta cajin da ke riƙe bayanansa, daga abin da modabod ya zaɓa zuwa 470. Na sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filas ya zagaya sau huɗu, babu kuskure ko ɗaya. Na ƙara da TestMem5 na awa uku, shi ma tsaf. Da daddare na yi duk wannan gwaji, taga a buɗe, ina sanye da rigar sanyi, ma'aunin zafin da ke jikin sandunan bai wuce digiri 36 ba. Na rubuta a littafi cewa an gama.

Janairu da Fabrairu suka wuce lafiya. Azumi ya shigo a Maris, bukukuwa suka tsaya, kwamfutar ba ta yin wani aiki mai nauyi. Bayan ƙaramar Sallah, a Afrilun 2024, aiki ya taso mini gaba ɗaya, biki uku a mako guda, ga zafin da kowa a garin nan zai iya tunawa. Shagona rufin kwano ne, silin ɗinsa siriri. Daga azahar zuwa la'asar ko kujerar roba ka taɓa sai ka ji ta da ɗumi.

Alamun sun fara a hankali. Manhajar haɗa bidiyo ta rufe kanta sau biyu a yini ɗaya. Wani fayil da na matse ya ƙi buɗewa. Na ɗora laifin a kan wuta, domin a lokacin takan zo da rauni, takan kuma ɗauke ba sallama. Na ɗauki kwanaki kafin in raba abubuwa biyun nan a kaina. Wutar bango bolt 230 ce, akwatin wutar kwamfuta ke mayar da ita 12 da 5 da 3.3, sannan modabod ya sake sauke ta zuwa abin da RAM ke sha. Idan wutar bango ta yi rauni sosai kwamfuta takan mutu ko ta sake tashi, amma ba ta cika barin ka kana aiki tana ɓata maka fayil a ɓoye ba. Kuma ni a kan inbata nake. Matsalar tana ciki.

Abin da ya tsayar da ni shi ne bidiyon wata Hajiya daga Tudun Wada da ta aurar da 'yarta ta fari. Na kwafe hotunan daga katin kyamara da rana tsaka, na goge katin don biki na gaba, na haɗa aikin na ba ta. Bayan kwana biyu ta dawo da kanta.

"Ɗana, zo ka ga wani abu," ta ce, ta miƙo mini wayarta.

Wurin da kakar amarya ke riƙe da hannunta tana yi mata nasiha kafin a kai ta ɗaki ne. Hoton ya farfashe ya koma murabba'ai kore da ruwan hoda na 'yan daƙiƙu, fuskar tsohuwar ta narke, sannan ya dawo.

"Hajiya, ki yi haƙuri, zan duba na asali in sake fitar miki."

Na duba na asalin da ke cikin kwamfuta. Shi ma haka yake. A wajen kwafewa ya lalace, katin kuma na riga na goge shi na ɗora wani biki a kai. Duk abin da aka kwafa daga kati zuwa ma'ajiya sai ya ratsa ta RAM. Idan ɗigo ɗaya ya juye daga 1 zuwa 0 a hanya, irin RAM ɗinmu na gida ba shi da tsarin gano kuskure ya gyara, wanda ake kira ECC, irin na manyan kwamfutocin ma'aikatu. Kuskuren sai ya shige a rubuta shi kamar gaskiya. Ba shuɗin allo, ba ƙara, ba gargaɗi.

Da na faɗa mata ba zai gyaru ba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Tsohuwar nan ba ta da lafiya, ɗana. Wannan wurin nake so in ajiye." Har yau ina jin wannan magana.

Da yamma na tafi Sabon Gari wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da 30 yana gyaran rediyo da talabijin. Bai taɓa shiga BIOS ba, amma da na ce masa kowane ɗigon bayani a cikin RAM ɗan ƙaramin kafasita ne ke riƙe da shi, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"To ai ka gama faɗar ciwon, ɗan nan. Kafasita yoyo yake yi, kuma zafi na ƙara masa yoyo. Ba ka ga talabijin ɗin da ke lafiya da safe ya fara rawa da rana ba?"

"Kawu, ai na gwada shi awa da awanni."

"Yaushe?"

"A Disamba."

"Da rana ko da dare?"

Ban amsa ba, shi ma bai sake tambaya ba.

Abin da ya faɗa shi ne ainihin yadda abin yake. Ƙwayoyin RAM kamar dubban miliyoyin ƙananan tuluna ne masu tsiyaya, dole a riƙa zagayawa ana cika su kafin su ƙafe. A ƙa'idar DDR4 ana aika umarnin cikawa kusan kowace mikrosakan 7.8, a kewaye dukkan layuka cikin milisakan 64. tRFC shi ne lokacin da ake ba kowane zagayen cikawa, kuma a lokacin RAM ba ya amsa kowa, shi ya sa rage shi ke ƙara sauri. Ga ƙwaya mai gigabit 8 irin tawa, ƙa'ida ta ba da nanosakan 350. A gudun 3600 wannan bugu 630 ke nan. Ni na sa 470, wato kusan nanosakan 260. A sanyin Disamba tulunan ba sa tsiyaya da yawa, ɗan gajeren lokacin ya isa a cika su. A zafin Afrilu suna zubarwa da sauri, mai cikawa kuma na hana shi tsayawa. Ƙarin wutar da na yi zuwa 1.42 ita ma zafi take ƙarawa. Ga ƙurar hunturu da ta toshe ragar gaban akwatin, ga katin hoto, sashen kwamfutar da ke sarrafa hoto da bidiyo, yana huro iska mai zafi kai tsaye kan sandunan idan ana fitar da bidiyo.

Washegari da ƙarfe 2 na rana na rufe taga, na kunna TestMem5, na kuma sa katin hoto aiki mai nauyi a lokaci guda don akwatin ya yi zafi irin na ranar aiki. Sandunan suka haura digiri 53. Kafin minti 20 kurakurai sun fara fitowa. Lambobin nan dai su ne waɗanda suka wuce gwajin awa uku a Disamba.

A nan na sake yin kuskure guda. Hannuna ya tafi kan ƙarin wuta, domin abin da na saba ji ke nan, in abu ya ƙi zama a ƙara masa. Na kai RAM 1.45, na ɗaga wutar SoC, sashen firosesa da ke kula da RAM, daga 1.10 zuwa 1.15. Kurakuran suka zo da wuri fiye da da. Sai na juya. Na mayar da SoC 1.10, na sauke RAM zuwa 1.38, na saki tRFC zuwa 560. Abu ɗaya nake canzawa, in gwada, in rubuta, sannan in taɓa na gaba. Da na haɗa biyu a lokaci guda ba zan san wanda ya yi aiki ba. Na fitar da akwatin waje na hure ƙurar da bulowa, na ɗaure ƙaramar fanka tana kallon sandunan. Zafinsu ya sauko wajen 44 a tsakiyar rana.

Kwana huɗu na yi ina gwaji, kullum daga azahar zuwa la'asar. Na ƙara da OCCT da Prime95, domin kowace manhaja da irin kuskuren da take kamawa. Na riƙa leƙa rumbun rahoton Windows ina neman saƙon WHEA mai lamba 19, wanda a irin wannan firosesa yakan nuna cewa hanyar Infinity Fabric ce ke tuntuɓe ba RAM ba. Bai fito ba. Sannan na sake sa Windows daga tushe, don ban san abin da ya lalace a cikinsa a makonnin nan ba.

Da na auna, abin da matse tRFC ya ƙara mini a fitar da bidiyon minti 40 bai kai minti ɗaya ba. Babban bambancin tun ranar da na kunna XMP na same shi.

Yanzu ba na goge katin kyamara sai na kwafe shi wuri biyu, na kuma sa manhaja ta gwada lambar tantance kowane fayil da ta asalinsa. A BIOS na ajiye tsari biyu. Daga farkon Maris har ruwa ya sauka sosai ina komawa 3200 na jikin kwali, sauran watanni in hau 3600 da lambobin da suka tsira a gwajin Afrilu.

Bidiyon Hajiya kuwa, na bi 'yan'uwan amarya ɗaya bayan ɗaya har na samu wata ƙanwarta da ta ɗauki wurin da waya daga gefen ƙofa. Hoton yana ɗan rawa, hasken ɗakin kuma bai isa ba, amma fuskar tsohuwar ta fito. Na ɗora shi a kan muryar da kyamarata ta ɗauka, wadda ba abin da ya same ta. Na kai mata har gida a Tudun Wada bayan magariba, ban karɓi cikon kuɗina ba. Ta sa aka kunna a talabijin ɗin falo, ta kira kakar ta zauna kusa da ita, suka kalli wurin sau uku.