Idan maganin kaska ya tayar wa kare ciwon fata

Wasu magungunan ƙuma da kaska da ake ɗigawa a bayan wuyan kare na iya sa garkuwar jikinsa ta juya kan fatarsa. Likitoci na kiran ciwon pemphigus foliaceus. An gan shi bayan amfani da Promeris, wanda aka daina sayarwa a 2011, da Certifect, da Vectra 3D.

Yakan fara daidai inda aka ɗiga maganin: ƙuraje masu mugunya su fashe, ɓawo ya taru, gashi ya zube. Wani lokaci ya bazu zuwa kunne, hanci da tafin ƙafa, har da zazzaɓi.

A dakatar da maganin, a wanke wurin da sabulu. Kada a ɗauka ƙazuwa ce a ƙara wani maganin, wannan kuskure na ɓata lokaci sosai. Likitan dabbobi zai yanki ɗan fata a gwada, sannan ya rubuta prednisolone, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, a riƙa rage shi a hankali.