Jitar da ba sai na mayar wa mai ita ba

Shekara 19 ke nan ina gyaran jita da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa jitar lantarki murya, kuma da wuya a ambaci wani irin da bai taɓa hawa teburina ba. Sai dai duk na mutane ne. Za a kawo min jita wuyanta ya lanƙwashe, ko ƙarafan da ke jere a wuyan sun cinye, in yi kwana uku ko mako guda a kanta, in ja sababbin tsirkiyoyi, in daidaita jaki, in jona ta in ji muryarta ta dawo. Daidai lokacin da hannuna ya fara sabawa da ita, sai mai ita ya turo ƙofa. In kwantar da ita a akwatinta, in rufe, in miƙa masa da hannu biyu. Ina farin ciki da aikin, wannan babu shakka, amma zanen aro ba ya rufe katara.

A cikin aljihun teburin nan akwai wata 'yar takarda da na manna tun shekarata ta biyu da buɗe shago. Suna huɗu ne a jiki, na kayan da nake burin mallaka: Stratocaster, Les Paul, Deluxe Reverb, AC30. Jita biyu, amfilifaya biyu. Takardar ta yi ja, mai ya ɓata gefenta, ban taɓa cire ta ba.

Abin da ya sa aka daɗe ba wani ɓoyayyen abu ba ne ga duk mai ƙaramar sana'a. Shago shi ke fara ci kafin mai shago. Haya na jira, yara biyu da ke koyon aiki suna da haƙƙinsu, tsirkiya da dalma da waya ba sa jiran sai ka shirya. Sau biyu ina tara kuɗin jita har su kusa cika. Na farko na sayi na'urar gwada bawul (ƙananan kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya) da su, domin ba zai yiwu in ci gaba da canza wa mutane bawul bisa zato ba. Na biyun kuma rufin shago ne ya fara yoyo a kan kayan mutane. Ban yi nadamar ko ɗaya ba, amma kowane karo sai da na buɗe aljihun nan na kalli takardar.

Akwai ranar da saura ƙiris in yi saurin da zai ja min asara. Wani ya kawo min Les Paul zai sayar, fenti na sheƙi, suna a rubuce a ka. Zuciyata ta riga ta karɓa. Da na ɗora ta a tebur sai ido ya fara aikinsa: ɗan murfin da ke rufe bakin sandar ƙarfen cikin wuya kusa uku ne ke riƙe da shi, alhali na Gibson, kamfanin da ke ƙera ta, biyu ne. Na buɗe bayanta, wayoyi sirara kamar gashi, katakon ciki kuma ba shi ne wanda ya kamata ba. Na mayar masa da abarsa cikin mutunci, domin mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Daren ranar na fahimci cewa kwaɗayin abu yana iya rufe idon da ya shekara goma yana duba irinsa.

Stratocaster ce ta fara zuwa, kuma ta hanyar da ban taɓa tsammani ba. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana kawo min ita duk shekara in duba. Na san jitar nan kamar tafin hannuna: inda fenti ya goge a wurin da damtsensa ke kwanciya, da wani ɗan tabo kusa da inda ake soka waya. Wata rana ya shigo, ya ajiye akwatin, bai buɗe ba. Ya miƙo min hannayensa, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, ba sa lanƙwasuwa yadda ya kamata.

Na ce, "Baba, me za a yi mata yau?"

Ya ce, "Ba gyara na kawo ba, ɗana. Yatsun sun ƙi. Ba na son ta faɗa hannun wanda zai rataye ta a bango don ado. Kai ka san ciwonta."

Mun yi ciniki na gaskiya, na biya shi a hankali cikin wata bakwai, bai taɓa aiko min da tuni ba. Ranar da na kai masa cikon, na dawo shago na rufe ƙofa, na zauna da ita a cinya ban ma jona ta ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne babu wanda zai turo ƙofa ya ce ya zo karɓa.

Ina da dalilin son wannan jita fiye da sauti. Leo Fender, wanda ya fito da ita a 1954, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, ba makaɗi ba. Duk inda ka duba a jikinta za ka ga tunanin mai gyara. Kusa huɗu ne ke riƙe da wuya, in ya lalace ka kwance ka sa wani. Maganaɗisan nan uku masu ɗaukar motsin tsirkiya, waɗanda muke kira fikof, da maɓallan murya, duk a kan faranti ɗaya suke, ka ɗaga shi gaba ɗaya aikin na gabanka. Kowace tsirkiya da nata ɗan jakin da za ka matsa gaba ko baya. Mutumin ya yi ta ne yana tuna wanda zai buɗe ta bayan shekara 30, wato irina. Har makunnin zaɓen fikof yana da labari: da farko matsayi uku gare shi, makaɗa suka gano in suka tsayar da shi a tsakani sauti na fita siriri mai daɗi, sai a 1977 kamfanin ya mayar da shi mai matsayi biyar. Tawa mai biyar ce, kuma na fi zama a na huɗu, tsakanin fikof na wuya da na tsakiya.

Jitar lantarki ba amfilifaya rabin magana ce. Na shekara biyu ina kaɗa ta da ƙaramar amfilifayar gwaji ta shago kafin Deluxe Reverb ta samu. A mace na saye ta. Ta yi shekaru a ajiye a ɗaki mai laima, ƙura ta toshe ko'ina, tsatsa ta kama kusoshi, mai ita ya ce shi dai ya gaji da ganinta. Wani zai ga gawa, ni kuwa da na leƙa na ga taransifoma biyun nan lafiyarsu ƙalau, sai na san sauran aikin hannu ne.

A nan zan ɗan tsaya, domin masu sha'awar buɗe irin waɗannan kaya a gida suna da yawa. Amfilifaya mai bawul irin wannan tana aiki da wutar da ta haura bolt 400 a cikinta, kuma manyan kafasitocin, wato ma'ajiyar wutar da ke ciki, suna iya riƙe wutar bayan an zare ta daga soket. Sai an sauke wutar, an auna da mita an ga ta sauka, kafin yatsa ya shiga. Ba a kuma kunna ta ba tare da an jona lasifika ba, don taransifomar fitar da sauti na iya ƙonewa. Yarana sun ji wannan daga bakina har sun haddace, kuma gobe ma zan sake faɗa.

Sati uku na yi a kanta, da daddare bayan an tashi aiki. Na canza kafasitocin da suka bushe, na wanke kujerun bawul ɗaya bayan ɗaya, na bi duk inda dalma ta tsage na sabunta. Abin da bai mutu ba ban taɓa shi ba. Ranar kunnawa na sa kwan fitila a tsakaninta da wuta, yadda in akwai inda waya ta haɗe kwan ne zai haska ya ɗauke nauyin. Kwan ya yi haske ya dushe, alamar lafiya. Na cire shi, na daidaita wutar da bawul biyun nan 6V6 ke ja, na zauna ina kallon cikinsu yana yin ja a hankali kamar garwashi. Ɗumi ya fara tashi da wannan ƙanshin tsohuwar ƙura da katako. Na soka Stratocaster, na buɗe ribab kaɗan, wato amon nan da wasu siraran sifirin a cikin akwatin ƙarfe ke bayarwa, na taɓa tsirkiya ɗaya.

Na sha jin wannan sauti a kayan mutane. Amma kullum a tsaye nake jinsa, minti goma, kunnena na neman aibi: ina ƙugi, ina ƙara, ina abin da zai sa a dawo min da aiki. A daren nan ban nemi komai ba. Wat 22 ce kawai, lasifika ɗaya mai inci 12, amma da na kai maɓallin murya wajen 5 sai ta fara abin da ake sonta dominsa. In na shafa tsirkiya a hankali, sauti ya fito garau kamar ruwa. In na danna da ƙarfi, sai ya yi kauri ya ɗan dusashe, kamar muryar mai waƙa da ya buɗe ƙirji. Ban taɓa maɓalli ba, yatsa ne kawai ke juya ta. Na shekara ina gaya wa masu saye cewa bawul na bin hannu, amma sai a daren na san abin da bakina ke faɗa. Ban ankara ba sai da na ga gari ya fara wayewa ta tagar shago.

Les Paul ta zo bayan shekara huɗu, ta gaske wannan karon, na kwance ta na duba kafin in biya. Wata halitta ce dabam. Gibson ta fito da ita a 1952, jikin mahogani da fuskar katakon maful, wuyan kuma manne yake da gam. Fikof ɗinta mai naɗi biyu ne, ƙirar injiniyan kamfanin, Seth Lover, da aka fara sa mata a 1957, naɗin biyu suna kashe ƙugin wutar da mai naɗi ɗaya ke kwasowa. Tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, na Fender kuwa 25.5, shi ya sa ta fi laushi a yatsa, sautin kuma ya fi duhu da daɗewa. Tana da nauyi a kafaɗa. Na ɗinke kawunan irinta da yawa da suka karye bayan an jingina su da kujera sun zame, don haka tawa in ba a hannuna take ba, tana cikin akwati.

AC30 ce auta, bara ta iso. 'Yar Ingila ce, kamfanin Vox ya fara yin ta a 1959, bawul EL84 guda huɗu da lasifika biyu, mutum biyu ke ɗaukarta cikin natsuwa. Tana zafi sosai, tana cin bawul, kuma tun ƙarancin da aka yi a 2022 nake ajiye saiti guda a gefe, tunda masana'antun da suka rage suna yin bawul ƙalilan ne, a Sulobakiya da Rasha da Sin. Har yanzu muna sanin juna da ita. Akwai wani ƙyalli a saman muryarta da ban gama gane inda yake ɓuya ba.

Abin da ban zata ba shi ne yadda kayan nan huɗu suka gyara min aikin kansa. A da in mutum ya ce jitarsa ta rasa rai, sai mu yi ta lalube da kalmomi. Yanzu sai in jona tasa, in jona tawa a amfilifaya ɗaya, mu saurara tare, nan da nan a gane ko fikof ne ya yi nisa da tsirkiya ko waya ce ta gaji. Yarana ma a kansu suke koyon yadda lafiyayyen abu ke ƙara, domin wanda marasa lafiya kaɗai yake ji ba zai san inda zai kai gyara ba. Na kuma daina wani abu da na daɗe ina yi da kyakkyawar niyya: canza wa mutum tsohon maɓalli ko goge masa tabo ba tare da na tambaya ba. Tun da na mallaki jitar da ke da shatin damtsen wani a jikinta, na san tabo ma dukiya ne a wurin mai shi. Yanzu sai na kira na tambaya, kuma duk abin da na cire ina ƙulle shi a leda in mayar.

Ana taya su, musamman Deluxe ɗin. Wani mai situdiyo ya zo sau uku. Ina ba da hayar wasu kayan, amma waɗannan huɗun ba sa fita, sai dai wanda ke so ya zo ya zauna ya kaɗa a nan, kuma ƙofa a buɗe take.

Dattijon nan yakan leƙo lokaci-lokaci. Makon jiya ya zo da la'asar, ƙaramin yarona ya jawo masa kujera ya kunna Deluxe ta yi ɗumi. Na ɗora masa jitar a cinya. Yatsun hagu ba sa iya danna komai yanzu, sai ya shafa tsirkiyoyin a buɗe da babban yatsa, ya kasa kunne har amon ya mutu.

Ya ce, "Ka ɗan ɗaga ta biyun nan, ɗana, tana taɓa ƙarfe."

Na saurara, gaskiyarsa ne. Na ɗauko ɗan makulli na juya jakin rabin zagaye, na mayar masa, ya sake shafawa.